Kura da Shan Bugu: Auduga da Masu Guminta a Ƙasar Kano

Duk wanda ya saba da littattafanmu na hikaya ya san ba mu da rowa wajen tufatar da taurarinmu. Sai a ci shafi guda cur ana lissafa kayan lefe, atamfa turmi kaza, leshi kaza, ga shaddar ango wadda sai an ji ƙararta kafin a gan shi. Mai karatu ya lumshe ido ya ji kamar shi aka ɗinka wa. Amma da wuya a ba da ko layi biyu ga wanda ya sunkuya ya cire audugar, ko wadda ta kaɗa zaren, ko wanda ya kwana tsaye gaban inji har kunnensa ya toshe. Mu da muke wannan magana ma ba mu tsira ba, mun sha yi. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu kama bakin zaren mu bi shi baya-baya, mu ga hannuwan da ya ratsa, da kuma aljihun da kuɗinsa ya faɗa.

Daga gida za mu fara, wato Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, arewa maso gabas da birnin Kano. Wani zai ce, to me ya haɗa Zakirai da auduga? Yana da gaskiyarsa. Ƙasarmu jigawa ce, ta gero da dawa da gyaɗa da wake. Ita kuwa auduga ta fi son ƙasa mai laka da wadataccen ruwa, irin ta Ƙaraye da Rogo da Funtuwa da ƙasar Zazzau. Abin da Allah Ya hore mana shi ne jama'a. Muna cikin yankin nan da ya kewaye birni inda gona ta haɗe da gona, ba a barin saura, kowace shekara sai an noma kowane taƙi, yankin da Michael Mortimore ya yi nazarinsa a shekarun 1960 saboda mamakin yadda ƙasa kaɗan take ciyar da mutane masu yawa haka. Inda gona ta yi kaɗan, dole magidanci ya nemi sana'ar rani, matar gida ma haka. Saboda haka audugar da aka noma a kudu, hannuwan da suka sarrafa ta da yawansu na wannan yanki ne.

Zamanin mazari

Waɗanda suka riski tsofaffin mata a ƙauyukanmu za su tuna aikin. Da farko gurza: a ɗora auduga kan dutse, a murza ta da ƙarfe har angurya ta fita. Sai shiɓa da ɗan baka, har ta tashi ta yi laushi kamar kumfa. Sannan kaɗi. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, takan zauna bayan sallar isha'i gaban fitilar aci-bal-bal, ga mazari a cikin 'yar tasa, ga alli a gefe tana dangwala, tana kaɗi tana yi mana tatsuniya, hannun bai tsaya ba, bakin bai tsaya ba. Mai kauri abawa, siriri na zane mai daraja. Ranar kasuwa a ba yarinya ko dillaliya ta kai wa masaƙa. Da wannan kuɗi mace take yin biki, ta tara wa 'yarta kwanuka da tasoshi, ta sayi akuya, ba tare da ta miƙa wa miji hannu ba. Sai mata da yawa sun yi kaɗi kafin su ishi masaƙi guda, domin ƙoshiya ta fi mazari sauri nesa ba kusa ba. Ke nan duk rigar da aka gani a jikin basarake, akwai dare masu yawa na mata a cikinta.

Daga masaƙi, irin na Minjibir maƙwabtanmu da suka yi suna a kan haka, sai sawaye su tafi wurin maɗinka a harhaɗa, sai marina, sai mabuga. Garin Kura ya shahara da baƙin rawani da turkuɗi mai ƙyalli, wanda Buzaye suke ƙetaro hamada domin shi. Da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar take samarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma abin da ake kai wa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300. Abin da ya fi burge shi, ya ga ana wannan gagarumin aiki a cikin gidaje, kowa tare da iyalinsa, ba irin manyan masaƙun Turai da ya baro suna nakasa mutane ba.

Mukan so mu tsaya a nan mu yi ta alfahari. To amma tarihi ba kirari ba ne. Wani kaso mai yawa na auduga da babar da ake rini da ita a gandaye da rumada aka noma su, kuma bayi ne suka noma. Akwai gandayen sarauta a Fanisau da Ɗorayi da Gasgainu da Gogel, akwai na attajirai. Bawa ya yi wa ubangijinsa aiki daga hantsi zuwa azahar, sannan ya juya ga 'yar gayaunarsa. In yana da sana'a ya biya murgu a bar shi ya nema, in ya tara ya fanshi kansa. Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi sukutum a kan Fanisau a 2011, ya kuma yi amfani da hirarrakin da aka ɗauka da tsofaffin da suka san abin. Ko bayan zuwan Turawa ba a yi gaggawa ba. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A garin Kura dai zane ne yake shan bugu, amma wanda ya sha rana a gonar baba ba shi ne yake naɗa rawanin ba.

Duk da haka akwai abu guda a wancan zamani da ya kamata mu riƙe, don za mu neme shi a gaba mu rasa. Kowa ya san kowa. Mai kaɗi ta san masaƙinta, masaƙi ya san fatoman da ya karɓi kayansa, in aka ci haƙƙin wani akwai ƙofar da za a je a yi sallama, akwai alƙali.

Bisije da jirgin ƙasa

Abin da ya jawo hankalin Ingila kan audugarmu daga Amurka ya faro. Kafin 1861, kashi uku cikin huɗu ko fiye na audugar da masaƙun Lankasha suke ci daga kudancin Amurka take zuwa, inda bayi baƙar fata kusan miliyan 4 suke. Da yaƙin basasa ya ɓarke a can, auduga ta yanke, masaƙu suka tsaya, dubban ma'aikata suka koma bin layin abincin sadaka. Abin sha'awa, cikin wannan yunwa ne ma'aikatan Mancesta suka taru a daren ƙarshe na 1862 suka aika wa Shugaba Lincoln takardar goyon baya a kan 'yanta bayi, alhali sun san audugar bayin ce abincinsu. Masu masaƙun kuwa wani darasi dabam suka koya, wato kada su sake dogara da gona guda.

A 1902 suka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Biritaniya a Mancesta, BCGA, wadda bakin mutanenmu ya mayar Bisije. Shugabanta Sir Alfred Jones shi ne mai kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, don haka ko ba a faɗa ba an san wanda zai yi dakon kayan. Watan Fabrairun 1903 Turawa suka ci Kano. Lissafinsu mai sauƙi ne: ga ƙasa da ta san auduga tun kaka da kakanni, a kwashe ɗanyar a kai Ingila, a saƙa, a dawo da akoko da alawayyo a sayar wa jikokin masaƙa. Da wannan hujja aka shawo kan gwamnatin Ingila a 1907 ta amince da shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, Winston Churchill yana cikin masu kare shirin a majalisa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912.

Sai manomin Kano ya ba su kunya. Bisije ta yanka farashi wajen kwabo ɗaya a kan laba, masaƙan gida kuwa suna biyan fiye da haka, to wa zai kai musu? Ana cikin haka masu yin man shafa wa burodi a Turai suka buɗe baki suna neman gyaɗa. Fataken goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada, daga baya kuma Alhassan Ɗantata, suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗin hannu. Manomi ya auna ya gani. Gyaɗa tana zama da gero a gona guda, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabba ce, in shekara ta ɓaci a ci ta. Auduga fa, ko yunwa ta kai ina ba a tauna ta. A 1913 gyaɗar da aka fitar ta haura ton 19,000, jirgin da aka kawo domin auduga ya rasa inda zai sa buhunan gyaɗa. Yunwar Kakalaba da ta biyo baya a 1914 ta ƙara tabbatar wa kowa cewa wanda ya raba gonarsa da abinci ya shiga uku. Da aka miƙa dogo zuwa Nguru a 1930, ya bi ta Zakirai, gyaɗa ce ta cika tasharmu.

Bisije ba ta haƙura ba, sai ta karkata kudu da yamma, ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau da Chalawa, daga baya har Gwambe. Abin da kasuwa ta hana ta, sai ta nema ta hannun mulki. Aka kawo irin Amurka mai suna Allen, aka raba angurya ta hannun hakimai da dagatai, a wasu yankuna aka hana shuka irin gargajiya, aka keɓe kasuwannin da za a sayar da auduga, ga ma'auni ga malamin duba kyau. Sama da duka ga haraji, wanda dole a biya da kuɗin Bature, kuma lokacin kaka ake bugun ƙofa. Wanda ɗan doka yake tsaye a kansa ba ya ciniki. Kamfani dai bai taɓa ɗaga bulala ba, hannunsa fes. In an tambaye shi sai ya ce shi mai saye ne kawai, abin da ya gudana tsakanin dagaci da talakansa ba ruwansa. Mai karatu ya riƙe wannan amsa, domin zai sake jin ta da harsuna dabam-dabam.

Saƙar hannu ba ta mutu nan take ba, ta yi taurin rai fiye da yadda Turawa suka zata. Kaɗi ne ya fara tafiya, a hankali, yayin da zaren inji ya cika kasuwa, audugar kuma ta riƙa wucewa kai tsaye daga gona zuwa injin gurza. Babu wanda ya ƙidaya matan da suka rasa abin yi, babu takardar sallama, babu ko sannu. An dai wayi gari mazari yana soke a jikin azara.

Kuɗin manomi, masaƙar gwamnati

A 1949 aka kafa hukumomin ciniki na auduga da na gyaɗa, a 1954 aka haɗe su ƙarƙashin hukumar Jihar Arewa. Hukuma ita kaɗai take da ikon fitar da kaya waje, ita take yanka farashi kafin kaka, wakilanta masu lasisi da 'yan barandansu su saya. An ce an yi haka ne don a kare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya. A aikace, shekaru da yawa ana biyansa ƙasa da abin da kayansa suka kawo, rarar kuma ta taru a asusun hukuma. Ba za mu ce an cinye ta duka ba, an yi hanyoyi da makarantu. Daga cikinta ne kuma gwamnatin Sardauna ta haɗa jari da kamfanin David Whitehead na Lankasha aka gina masaƙar Kaduna, KTL, wadda ta fara aiki a 1957 da saƙar akoko. In za a bi gaskiya, manoman auduga da na gyaɗa, har da na Gabasawa, su ne masu hannun jarin farko a wannan masaƙa. Ba a dai taɓa ba su takarda ba.

Bayanta sai Nortex, sai UNTL ta 'yan Hankwan, sai Arewa Textiles ta Japanawa a 1965, unguwar Kakuri ta cika da jiniya da kekuna. A Kano kuwa tun farkon shekarun 1950 attajiran gari suka haɗa kuɗi suka kafa masaƙa a Gwammaja. Daga baya Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka cika, wasu na Kwara, wasu na Indiyawa, wasu na 'yan gida kamar Bagauda ta Alhaji Isyaku Rabi'u da Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi.

A nan ne 'ya'yan ƙauyukanmu suka sake shiga cikin zaren. Saurayi ya gama girbi, ya hau jirgi ko akori-kura, ya sauka wurin ɗan garinsu a Birged ko Dakata, da asuba ya je ya tsaya bakin ƙofar kamfani. Heluma ya leƙo ya nuna wanda ya ga dama. Paul Lubeck, wanda ya zauna da leburorin Kano a farkon shekarun 1970, ya tarar da yawansu 'yan ƙauye ne, kuma da dama gardawa ne da suka baro allo. Aiki kashi uku, na safe da na rana da na dare. Ƙurar auduga tana shiga ƙirji ta zauna, ƙarar injin saƙa tana cin kunne, inji yana cin yatsa. Wata dabara da ta zama ruwan dare ita ce a riƙe mutum a matsayin ɗan wucin gadi, in ya kusa cika wa'adin da za a tabbatar da shi a sallame shi, bayan kwana biyu a sake ɗaukarsa sabo fil.

Akwai wani ɗan'uwan mahaifinmu da ya yi shekaru a ɗaya daga cikin masaƙun Bompai. Ya dawo gida da tari da akwatin ƙarfe da rediyo. Babu wanda ya yi maganar diyya, shi ma bai san ana yi ba. Aka ba shi ɗaki, aka yanka masa gefen gona, 'yan'uwa suka yi ta hidimar magani har Allah Ya karɓi abinsa. Sai da muka girma muka gane abin da ya faru. Kamfani ya ɗauke shi da ƙarfinsa, ya dawo mana da shi da ciwonsa. Gandun gidanmu ne ya biya fanshon da kamfani bai biya ba. Albashin da ake ba lebura a Kano ya iya zama ƙarami ne saboda an san akwai rumbu a ƙauye da zai cike giɓin. Har ruwa bai tsira ba. Dagwalon masaƙu da majemun Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya gangaro madatsar Wasai, masu lambu suna ban ruwa da shi, mu kuma muna sayen latas ɗin.

Kada a ɗauka leburorin sun kwanta an bi ta kansu. A 1971, da kwamitin Adebo ya ba da ƙarin albashi wasu masu kamfani suka yi ƙememe, ma'aikatan Bompai suka fito, suna bi kamfani-kamfani suna fito da 'yan'uwansu, har aka biya. A 1978 gwamnatin soja ta harhaɗa ƙungiyoyin ƙwadago, aka sami ƙungiya guda ta ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa, hedikwatarta a Kaduna, mambobinta sun haura 70,000 a farkon shekarun 1980. Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982. Ƙungiyar ta iya zama da masu masaƙu a teburi guda a rattaba hannu kan albashi da alawus da kuɗin sallama, abin da ya shafi kowace masaƙa a ƙasar. Gunilla Andrae da Björn Beckman, waɗanda suka bi diddigin ƙungiyar shekara da shekaru, sun nuna cewa shigarta Kano ta fi shigarta Kaduna wuya. A Kano sau da yawa wanda ya kawo ka aiki ɗan garinku ne ko yaron maigida, to yaya za ka ɗaga murya ka kunyata wanda ya tsaya maka? Kunya, wadda ado ce a gida, ta zama takunkumi a masaƙa.

Ranar da jiniya ta yi shiru

Tun ana ganiyar abin gindinsa yake rubewa. Kuɗin man fetur ya janye hankalin gwamnati daga gona, farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta rushe dala. Masaƙun da aka gina domin audugar gida suka koma sayo ta daga waje. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin ciniki ƙarƙashin shirin SAP, har da ta auduga da ke Funtuwa. Manomi ya sami 'yancin sayarwa inda ya so, amma aka rasa mai raba iri mai kyau, aka rasa mai duba kaya. A nan dole mu faɗi laifin namu. An riƙa yayyafa wa auduga ruwa, ana cusa yashi da tsakuwa don ta yi nauyi, ana ɗura ta a buhunan leda waɗanda zarensu yake ɓata saƙa. Sunan audugar Nijeriya ya zube a kasuwar duniya.

Ga rashin wutar NEPA, ga tsadar baƙin mai, ga injinan da suka tsufa ba a sabunta ba, ga manajojin da suka mai da masaƙar gwamnati saniyar tatsa. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, da aka maido shi daga baya kuma 'yan fasa-ƙwauri sun riga sun san hanya, daga Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Kantin Kwari. KTL ta rufe a 2002. Nortex da Finetex da Arewa suka bi sahu, UNTL ta rufe a 2007. A Kano aka yi ta kulle ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, har da Gaskiya, wasu gine-ginen suka koma rumbunan ajiye kayan da suka kashe su.

Rufe masaƙa ba shi ne abin da ya fi ciwo ba, kasuwa takan ci kowa. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda aka sallami mutane hannu rabbana. Ma'aikatan KTL da na wasu masaƙun Kaduna sun kafa gamayya ta neman haƙƙinsu, sun yi zanga-zanga, sun rubuta takardu, sun je kotu, sun yi ta binne 'yan'uwansu, matan mamatan suka karɓi kwalayen suka ci gaba. Har aka cika shekara 20 da rufewa, a 2022, ma'aikatan KTL suna bin kuɗin sallamarsu. To wa ya mallaki KTL? Ba Bature ba ne, ya daɗe da tafiya. Ba Basine ba ne. Jihohin Arewa 19 ne. A nan babu baƙon da za a ɗora wa laifi, masu bashin su ne waɗanda suke hawa mumbari kowace shekara suna yabon Sardauna.

An yi yunƙurin farfaɗowa. Gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu a wajen 2010, Babban Banki ya hana masu shigo da yadi canjin gwamnati a 2019, ya janye hanin a 2023. Kakuri dai ba ta dawo ba.

Zaren da ba shi da baki

Ranar 24 ga Afrilun 2013 wani bene mai suna Rana Plaza ya rufta a ƙasar Bangaladash, ya kashe mutum 1,134, akasarinsu mata maɗinka. Kwana guda kafin nan an ga bango ya tsage, amma aka tilasta musu komawa bakin keke. A cikin ɓaraguzan aka tsinci tambarin manyan kantunan Turai da Amurka. Da farko wasunsu suka ba da amsar Bisije: mu masu saye ne kawai, ba mu muka ɗauke su aiki ba. Masu sayen kayansu suka ƙi yarda. Cikin 'yan makonni aka ƙulla yarjejeniyar duba lafiyar gine-gine wadda kotu za ta iya kama kamfani da ita, kamfanoni sama da 200 suka sa hannu, aka kuma tara dala miliyan 30 ta diyya zuwa 2015. Irin wannan matsin ne ya sa Uzbekistan ta daina kora 'yan makaranta da ma'aikata gonakin auduga, har aka janye ƙaurace wa audugarta a 2022. Amurka kuma ta yi doka a 2021 ta hana shigo da kayan yankin Shinjiyan na ƙasar Sin bisa zargin aikin tilas a kan Musulmin Uigur, zargin da gwamnatin Sin take musantawa. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na audugar duniya daga wannan yanki take fitowa.

Abin da ya sa aka iya kama waɗancan kamfanoni shi ne suna da suna, kuma suna tsoron ya ɓaci. Yanzu mai karatu ya ɗauko atamfar da ya saya wa iyali da Sallar bara ya duba bakinta. Sau da yawa sunan da ke jiki na aro ne, zanen ma an kwaikwayo shi ne daga Holan ko daga wata masaƙar gida da ta mutu, an buga a Sin, an sauke a Kwatano ko Lome, an shigo da dare. Wane ne ya noma audugar, in ma auduga ce ba roba ba? Awa nawa wadda ta tsaya gaban injin take yi? Ɗan Kwari bai sani ba, wanda ya sayar masa ma bai sani ba. A 2015 dubban marina suka yi jerin gwano zuwa fadar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu suna kukan cewa rinannen yadi daga Sin ya raba su da abinci. Sun san abin da yake damunsu, amma da aka zo neman ƙofar da za a buga, sai ta Sarki aka samu.

A Zakirai yanzu mata ba sa kaɗi, sai ɗinkin hula. Dillaliya ta kawo ƙyalle da aka riga aka zana da zare kala-kala a leda, rubutun da ke jikin ledar ba mai iya karanta shi a gidan. Mace ta gama abincin dare ta zauna da allura da fitilar waya, mako biyu, uku, wani zanen har wata, ido yana ruwa. Ranar da ta gama a ƙirga mata ladan hannu, a cire na zaren da aka ce ta ɓata. Daga nan hula ta tafi wurin wanki da bugu a birni, ta hau kan kanta, ta shiga mota zuwa Abuja ko Yamai ko Kumasi. Mun tambayi wata ƙanwar mahaifiyarmu ko ta san nawa ake sayar da wadda ta gama ranar nan. Ta ce ita dai dillaliya ta ce mata kasuwa ba kyau, sannan ta miƙa hannu ta ɗauko sabon ƙyalle.